Akwatin Wayifai da Hadarin Jajibirin Suna

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki a Roni ya san halina. Sai na auna yadi sau uku kafin in ɗora masa almakashi, in na ɗora ma wani lokacin sai in ɗaga in sake aunawa. Mutane suna cewa ƙwarewa ce. Ni na san tsoro ne, domin abin da aka yanka ba ya komawa. Matata takan ce da a ce ni aka ba aikin ungozoma, da rabin yaran garin nan har yau da cibiyarsu suke yawo. To wanda ya kawo na'ura mai ƙyafta ido ya ajiye a gidana, ya ce in kula da ita, bai san irin kayan da ya ɗora mini ba.

Mijin autarmu ne ya yi wannan aiki. Neman abinci ya kai shi Fatakwal, ya tafi da ita. Mu kuwa gidanmu a gindin dutse yake, sabis ɗin waya ba ya shigo mana sai ranar da ya ga dama. Mai son magana da na nesa sai ya hau wani falalen dutse a bayan unguwa, inda za ka tarar da mutane tsaitsaye, kowa ya ba ɗan'uwansa baya yana ihun sirrinsa. Inna, mahaifiyarmu, gwiwoyinta sun daina hawan dutse tun Baba yana da rai. Shekara guda ta yi ba ta ga fuskar auta ba.

Da surukin nan namu ya zo hutun sallah, sai ga shi da wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu. Ya saka masa layin waya, ya yi ta yawo da shi ɗaki-ɗaki kamar mai neman wurin haƙa rijiya, har ya samu inda yake kama sabis: saman kabad ɗin Inna, daidai taga, a tsakiyar jeren kwanukanta. Ya ja masa waya zuwa soket ɗin solarmu. Ya ce sunansa rauta, shi ke ɗauko intanet daga bayan dutse ya watsa mana wayifai a cikin gida. Inna ta ce ita bakinta ba zai iya wannan suna ba, ta sa masa Mai Ƙaho. Ya kuma saka mini wata manhaja a wayata wadda ake duba lafiyar akwatin da ita.

Ranar da zai koma ya ce mini, "Yaya, ga shi nan a hannunka. Kada a matsar da shi daga nan, kada a bari a yi wasa da shi."

Yana fita na ɗauko allin ɗinki na zagaye gindin akwatin, don ko da iska ta gusar da shi in san inda zan mayar.

Watannin farko lafiya lau. Duk Juma'a bayan la'asar Inna takan yafa mayafinta na zuwa biki, ta shafa turare, ta zauna a bakin gado, in riƙe mata waya ta ga auta. Na sha gaya mata turare ba ya bin wayifai. Ta ce ba don su take shafawa ba.

Sai wata safiya na buɗe manhajar nan, kamar yadda nake yi kullum bayan na dawo daga masallaci, na tarar da wani dogon rubutu na Turanci da maɓallai biyu a ƙasa, ɗaya kore ɗaya toka-toka. Ni a aji shida na firamare na tsaya. Hausa ina karanta ta kamar ruwa, Turanci kuwa sai dai mu gaisa daga nesa. Amma kalmar da ke kan toka-tokan na san ta, domin malaminmu na lissafi da ita yake korar mai neman izinin fita: tana nufin sai an jima. Na danna ta, rubutun ya tafi. Washegari ya dawo, na sake dannawa. Haka muka yi ta yi, ni da shi, har wata biyar. Ya zame mini kamar wuridi. Na ce a raina, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kayan mutane ne, amana ce, ba a ce in danna kore ba.

A cikin watannin nan ne Mai Ƙaho ya fara wani sabon hali. Ana cikin magana sai fitilarsa ta mutu, ya yi shiru, sannan ya farfaɗo da kansa. Fuskar auta sai ta daskare a waya, baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Inna ba ta lura da wuri, sai ta ci gaba da yi wa hoton nasiha, ta ƙare da cewa, "Kin yi shiru, wato ba ki ji daɗin maganata ba ke nan."

Ban gaya wa suruki ba. Kunya nake ji ya ce ya bar mana abu lafiyayye mun lalata.

Duk wannan lokacin auta tana da ciki, na fari. A al'adarmu gida ake zuwa haihuwar fari, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego da hannunta. Inna ta tanadi itace, ta tanadi kanwa, ta sa an gyara babbar tukunya. Sai likita a can ya ce tafiyar ta yi nisa, kada ta hau mota. Ranar da aka gaya wa Inna, sai ta sa aka mayar da tukunyar cikin rumbu. Da aka haihu, namiji, ranar wata Alhamis a tsakiyar damina, sai ta ɗaura niyyar yin jegon ta waya. Kullum da safe ta kira ta ji ko ruwan wanka ya yi zafi yadda ya kamata, wane ganye aka sa, wa ya dama kunun kanwa. Kullum kuma Mai Ƙaho ya suma a tsakiyar bayani.

Sannan ta yi abin da ya tayar mini da hankali gaba ɗaya. Ta aika wa matan unguwa cewa ranar suna kowa ta zo ɗakinta da hantsi, za a ga jariri, za a ji raɗin suna daga Fatakwal kai tsaye, ga waina ga kunu. Suruki ya yi alkawarin zai ɗaga waya a wurin raɗin. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma ka gaya wa Mai Ƙahonka, ranar nan ba ranar suma ba ce."

Ranar Lahadi na zauna na kwafe rubutun Turancin nan a bayan takardar awo, harafi bayan harafi, na duba sau biyu, na hau acaɓa zuwa Kazaure. Akwai wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, dattijo mai furfura a gemu da tabarau a kan hanci, wanda na daɗe ina yi wa ɗinkin sallah. Na miƙa masa takardar.

Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Malam tela, ai da wayar ka miƙo mini, da ka huta da wannan rubutun allo."

"Na ji tsoron kada saƙon ya ɓace a hanya."

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ce, "Sabuntawa ce. Akwatin nan yana da tasa manhajar a cikinsa, ita ce hankalinsa. Waɗanda suka ƙera shi in sun gano wata ɓaraka sai su aiko da gyara ta iska. Gidanku na ƙasa ne ko na siminti?"

"Katangar baya ta ƙasa ce."

"Kuna yi mata yaɓe kafin damina?"

"Duk shekara."

"To shi ke nan. Yaɓe suka aiko maka, kai kuma wata biyar kana ce wa magini sai an jima. Wannan suman da yake yi, ga shi nan sun rubuta, yana cikin abin da suka gyara. Kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai masu neman irin wannan tsagar su shiga wayifai ɗin mutane."

Na ce to sai in je in danna koren kawai?

"Ka danna. Abin bai fi kwata na awa ba. Amma ka ji da kyau." Ya ɗaga yatsa. "In ya fara, kada wuta ta yanke masa har ya gama. In ta yanke a tsakiya, ya bar tsohon hankali bai kai ga sabo ba, yana iya mutuwa murus. Sai dai ka riƙa danne takardun awo da shi."

Na fara tunanin in ɗauko akwatin in kawo shagonsa a yi a gabansa. Ban gama tunanin ba janaretansa ya yi tari biyu ya mutu, fankar shagon ta tsaya. Ya tashi yana zaginsa yana jan igiya. Na ce a raina gwamma solata.

Da ya dawo ya sake duba ƙasan takardar. "Af, ga wani abu kuma. Sun ce wannan samfurin naku, wannan ne yaɓensa na ƙarshe. Daga shi ba za su ƙara aiko masa da komai ba. Duk wani sabon abu da za su ƙirƙiro, sababbin akwatuna za su riƙa ba."

"Wato mutuwa zai yi?"

"Wa ya ce? Zai ci gaba da aiki. Magini ne dai ya ce ba zai sake zuwa ba. Wata rana a gaba za ku nemi sabo, amma ba bana ba."

Na fito da damuwa biyu, alhali da ɗaya na shiga. Ɗan acaɓa yana ta ba ni labarin farashin taki har Roni, ban ji ko ɗaya ba.

Ranar Litinin bayan azahar na tsaya har mutane suka watse, na matsa kusa da limamin unguwarmu na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. In an ba mutum ajiya, sai ajiyar da kanta ta nemi a canja mata abin da ke cikinta, kuma wajen canjin tana iya mutuwa, ya halatta ya yi?"

Malam ya ja carbi. "Akuya ce?"

"A'a, akwati ne."

"Akwatin ne ya nema?"

"Da Turanci."

Ya daɗe yana kallona. Ya san ni tun ina yaro, shi ya sa bai yi mamaki sosai ba. Ya ce, "Mai ajiyar yana da rai?"

"Yana Fatakwal."

"To ka bar ni in tafi in ci abinci, ka je ka tambaye shi."

Na hau falalen dutse na kira suruki, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi mai jego, na tambayi jariri, na tambayi ruwan sama a can, sannan na faɗa masa komai, har da wata biyar ɗin. Dariya ya yi ta yi.

"Haba Yaya! Ai ba ajiya na ba ku ba, kyauta ce. Naku ne. Ka danna kawai."

Ya ɗauka ya sauke mini nauyi. Bai san ƙara mini ya yi ba. Da, in abin ya mutu, zan ce ƙaddara ta faɗa wa kayan mutane. Yanzu kuwa in ya mutu, ni ne na kashe wa mahaifiyata hanyar ganin jikanta da yatsana, saura kwana uku suna, waina kuma an riga an jiƙa shinkafarta a baki.

Na tsayar da Laraba, jajibirin suna, da hantsi, lokacin da rana ke dukan farantan sola sosai. Batirinmu tsoho ne, in hadari ya rufe rana ba ya daɗewa yake fara kuka. Saboda haka tun Talata na kafa doka a gidan: ba fanka, ba talabijin, ba cajin wayar maƙwabta. Matata ta yini tana fifita da murfin kwano tana harara ta.

"Maigida, sabunta akwati za a yi ko tiyata?"

"Ke dai ki yi addu'a."

"Ina yi. Ina roƙon Allah ya sa ka danna kafin yaron ya yi kaciya."

Laraba ta zo da rana tarwai, sama fes. Da na danna a lokacin da na tsayar, da ba ni da labarin da zan bayar. Amma na ga ya kamata in hau in goge farantan sola tukuna. Na sauko na ga wayar soket ta ɗan yi sako-sako, na naɗe ta da salatif. Na kori kaji daga ɗakin Inna. Na sake karanta takardata, duk da ba na fahimtarta. Na ga azahar ta kusa, na ce ba a fara babban aiki da salla a gaba. Bayan salla na ga ya dace in ƙara nafila. Na dawo na zauna a ƙasa gaban kabad, waya a hannu, yatsana yana shawagi a kan koren maɓalli kamar shirwa.

Matata ta leƙo daga bakin ƙofa. "In ba za ka iya ba, miƙo."

Wannan magana ce ta sa na yi bismilla na danna.

Fitilar Mai Ƙaho ta bar kore ta koma ruwan goro, tana ƙyaftawa. A wayata wani siririn layi ya fito ya fara cika daga hagu, a hankali kamar ana zura zare a allura. Na ƙura masa ido. Ya kai kamar faɗin yatsa biyu ke nan sai na ji hasken ɗakin ya canja. Wata iska mai sanyi ta ɗaga labule. Can daga gabas, ta bayan dutse, aka yi wani dogon ƙugi.

A nan sai na yi bayanin wani abu game da Inna. Shekarun baya, Baba yana da rai, tsawa ta taɓa faɗowa kusa da gidanmu ta ƙone talabijin ɗinsa, ɗakin ya kwana uku yana ƙaurin roba. Tun daga ranar, da zarar hadari ya yi gyaran murya, Inna za ta miƙe ta bi soket ɗaya bayan ɗaya tana zare duk abin da ke jiki. Ba ta tambaya, ba ta sallama. Ta taɓa zare firjin mutane a gidan biki a Gwiwa. A duk lissafin da na yi na kwana uku, na lissafa batir, na lissafa kaji, na lissafa salatif, ban lissafa Inna ba.

Tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ji ta ajiye tire. Na ji takun sandarta. Ta ɗaga labule ta shigo, idonta a kan soket, ta miƙa hannu.

Ni dai ban taɓa tare wa mahaifiyata hanya ba tun da aka haife ni. In ta ce rana ce da tsakar dare, sai in ce ga ta kuwa da zafi. Ban san lokacin da na ja gwiwa na durƙusa tsakaninta da bango ba, na buɗe hannuwa kamar mai tare akuya a lungu.

"Inna, don girman Allah."

Ta tsaya. "Kai, lafiyarka? Matsa. Ba ka ji hadari ba?"

"Na ji, Inna. Ba a zare wannan yanzu."

"Ba a zarewa? A ɗakina? In ya ƙone fa, da me zan ga yaron gobe?"

"In an zare ma ba za ki gan shi ba."

"To wane irin abu ne wannan, a bar shi ya mutu, a zare shi ya mutu?"

Gaskiyarta, gaba kura baya sayaki. Na buɗe baki in yi mata bayanin manhaja, na ga ba ta inda zan fara. Na tuna da yaɓen mai gyaran waya, na ga yaɓe ana iya barinsa a ci gaba gobe. Aka sake ƙugi, kusa fiye da na farko, kwanukan kabad suka amsa. Hannunta ya wuce ta saman kafaɗata. Matata tana bakin ƙofa, muciya a hannunta, don ta baro tukunya a murhu ta zo kallo. Da idona ya faɗa kan muciyar nan sai magana ta zo mini.

"Inna, talge aka yi masa! Yanzu ake tuƙawa. In kika janye wuta yanzu, bai zama tuwo ba, bai koma gari ba."

Hannun ya tsaya a iska. Ta dubi akwatin yana ta ƙyafta idonsa ruwan goro. Ta dube ni.

"Tun yaushe aka ɗora?"

"Yanzun nan. Bai kai rabi ba."

"Shi ne ka rasa lokacin ɗora tukunya sai da hadari ya haɗo? Tun safe me kake yi?"

Matata ta ce, "Yana auna yadi, Inna."

Inna ta yi tsaki. "Miƙo mini kujera. Ke kuma ba ni muciyar nan."

Ta zauna a 'yar kujerar tsugunno daidai gaban soket, ta ɗora muciya a kan gwiwoyinta kamar mai gadin kasuwa. Ruwa ya kece. Rufin kwano ya ɗauki ƙara har ba ma jin juna. Duk walƙiyar da aka yi sai in ga kafaɗunta sun zabura, leɓɓanta suna motsi da tasbihi, hannunta na dama ya taso da kansa ya nufi soket, sai ta sa na hagu ta dawo da shi. Tsoronta na gaske ne, na san shi tun ina yaro. Amma ba ta tashi ba. Wata kaza da ruwa ya koro ta faɗo ɗakin ta nufi kabad, muciya ta same ta tun ba ta kai ko'ina ba.

Layin ya wuce rabi. Batir ya fara ɗan kukansa na gargaɗi daga zaure, ƙit, ƙit. Layin ya kai kusan ƙarshe, saura kamar kaurin zare, ya tsaya a nan kamar ya tuna wani abu. Sannan fitilun Mai Ƙaho suka mutu gaba ɗaya. Wayata ta ce babu wayifai.

Mai gyaran waya bai gaya mini haka za ta faru ba. Na ce, "Inna lillahi. Shi ke nan. Na kashe shi."

Na fara tsara yadda zan goya Inna in hau da ita falalen dutse gobe, da matan unguwa a bayanmu ɗauke da waina.

Inna ko gezau. "Kai dai ba ka taɓa shiga madafa ba. In an gama tuƙi ai rufewa ake yi ya sulala. Zauna."

Na zauna. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar an yi damina guda. Sai fitila ɗaya ta buɗe ido. Ta biyu ta biyo ta. Suka yi ruwan goro, suka yi ƙyafce-ƙyafce, sannan suka tsaya a kore, shar. Wayata ta yi ɗan ƙara, ga wayifai ya dawo, ga wani gajeren rubutu da alamar da malamai ke yi wa wanda ya ci lissafi.

"Ya dahu?" in ji Inna.

"Ya dahu, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta miƙa hannu ta zare filogin, fit. "Yanzu sai ya huce har a ɗauke ruwa."

Na duba da'irar allina, akwatin yana ciki daidai.

Washegari da hantsi ɗakin Inna ya cika, har wasu suna leƙe ta taga. Na jingina wayar da wani kwanon jere, na koma bakin ƙofa na tsaya, idona ba a kan waya ba, a kan fitilar Mai Ƙaho. Aka nuno tabarmi a wata harabar gida a Fatakwal, ga goro ga dabino, ga rago a ɗaure yana kallon mutane. Liman na can ya yi addu'a, matan ɗakinmu suna amsawa da amin kamar a gabansu yake. Sannan aka faɗi sunan, ya fito tar, ba yankewa.

Sunan Baba ne.

Ɗakin ya ɗauki guɗa. Inna kuwa, wadda ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba tun ranar da aka kawo ta gidan, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta daɗe tana gyara wani kwano da ba abin da ya same shi. Sai da aka shiga da wayar ciki, auta ta ɗago jaririn, an yi masa aski kansa yana ƙyalli, sannan ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"To, sannu maigida. Haka ka dawo mini, ba haƙori ba hula? Wannan hancin kuwa ba namu ba ne, ku bincika wajen dangin uban."

Aka yi ta shewa. Ta yi wa auta bayanin wanka tun daga ɗora ruwa har zuwa shafa mai, bayanin da ta kwana shida tana farawa ba ta kai ƙarshe ba. Wainar ta ƙare, matan suka fara tafiya ɗaya-ɗaya, ana ta magana. Mai Ƙaho bai suma ba ko sau ɗaya. Ni ne ma na ji jiri, don na manta ban karya ba.

Rubutun nan mai maɓallai biyu bai sake zuwa ba, kamar yadda mai gyara ya faɗa. Har yau in na dawo daga masallaci sai na buɗe manhajar, in tarar ba wanda zan ce wa sai an jima, in ji wani iri. Wata rana na kasa daurewa na gaya wa Inna abin da ke cina: masu akwatin sun ce sun gama da shi, ba za su ƙara aiko masa da komai ba, sababbi za su riƙa yi wa hidima.

Tana ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗago ba. "Ni yaushe rabon da a aiko mini da sabuwar gwiwa? Ba ga ni ba? Ranar da ya gaza ka sayo wani. Ka dai fara auna shi tun yanzu, don ka gama kafin yaron ya yi aure."

Sannan ta ce in duba mata gabas, ta ji kamar ana ƙugi.